Yadda ake horar da ɗalibin malanta ya iya koyar da motsa jiki da kiwon lafiya

Wanda ya gama NCE, karatun shaidar malanta na kwalejin ilimi, a fannin motsa jiki da kiwon lafiya, wato PHE, galibi makarantar gwamnati yake samun kansa. Aji cike maƙil da yara, fili duk tsakuwa da ƙaya, ƙwallo ɗaya tak a ofishin hedimasta, ita ma iskarta ta sace, kuma babu ma'aikacin jinya ko a kusa. Ranar da yaro ya yanke jiki ya faɗi a taron safe, ba malamin lissafi za a nema ba, shi za a ƙwala wa kira. To wannan makarantar ya kamata a shirya shi dominta tun yana kwaleji. Jagoran nan na malaman kwalejojin ilimi ne, da masu duba ɗalibai lokacin koyarwar gwaji da ake kira TP, da kuma tsofaffin malamai da ake damƙa wa ɗaliban a makarantu.

Mataki na farko: ya san aikin da ya ɗauko

Da yawa suna shigowa sashen ne saboda suna buga ƙwallo, wasu kuma don sun nemi wani fannin ba su samu ba. Tun makon farko ka nuna musu cewa aikin rassa biyu ne, motsa jiki da kiwon lafiya, kuma ba a barin ɗaya don ɗaya. Ka sa kowa ya karanta manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, take fitarwa, ya ga abin da aka tsara wa firamare da ƙaramar sakandare a wannan darasi. Sannan ka ɗora masa Manufar Kiwon Lafiya a Makarantu ta Ƙasa, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2006. Abubuwa biyar ta tsaya a kai: muhallin makaranta mai tsabta, ciyar da ɗalibai, koyar da kiwon lafiya ta hanyar aikatawa, duba lafiyar yara a makaranta, da alaƙar makaranta da gida da al'umma. Haddar su ba ta da wuya. Abin da ake so shi ne ka tura shi firamaren da ta fi kusa, ya zagaya da littafi a hannu, ya rubuto abin da ya gani a kan kowanne: ban-ɗaki nawa ne, ina ake shan ruwa, me masu talla suke sayarwa a bakin ƙofa, a rufe ko a buɗe.

Mataki na biyu: jikinsa ya iya kafin bakinsa

Ba a koyar da tsalle a kan allo. Ɗalibin da zai nuna wa yara yadda ake miƙa sanda a gudun ba-ni-in-ba-ka, ko yadda ake tarbe ƙwallon raga da hannu biyu, dole ya yi shi da jikinsa har ya zauna masa. Ba gwani ake nema ba. Ana neman wanda zai nuna abin daidai, a hankali, ya kasa shi gida uku ko huɗu yadda ɗan shekara tara zai kwaikwaya. Sau da yawa ma gwanin ɗan wasa ya fi wahalar horarwa, domin abin ya zame masa jiki har ya manta yadda ya koya, sai ya riƙa fushi da yaron da ya kasa. Irin wannan ka sa shi ya koya wa abokinsa wasan da abokin bai taɓa yi ba, kana tsaye kana kallo.

Mataki na uku: fili da kayan aiki da hannunsa

Kada ɗalibi ya bar kwaleji bai taɓa shata fili ba. Ka ba su igiya da turaku da ma'auni da toka da aka tankaɗe, su fitar da filin ƙwallon raga, mita 18 tsawo da mita 9 faɗi, sannan na ƙwallon hannu, mita 40 da 20. Inda suke tuntuɓe shi ne kusurwa, fili yakan fito a karkace. Maganinsa igiya mai tsawon mita 12: a yi ƙulli a mita 3, a yi wani a mita 7, a haɗa bakin igiyar biyu, mutum uku su ja ta ta miƙe. Ɓangarorin za su zama 3 da 4 da 5, kuma kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ta tsaya cak. In an gama, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. A filin ƙwallon raga kowanne zai ba da mita 20 da 'yan kai, in ɗaya ya fi ɗaya tsawo, a sake.

Kafin shata kuwa akwai shara. Yara su jeru kafaɗa da kafaɗa su ratsa filin suna tsince ƙusa da kwalba da ƙaya, a cike ramuka. Yawancinsu ba takalmi za su yi gudu, saboda haka wannan aikin na kowane mako ne.

Sai kayan wasa. Kowane ɗalibi ya haɗa buhunsa: tamola goma ta tsumma da leda da aka ɗaure tam, igiyoyin tsalle, robobin ruwa da aka cika da yashi don yin alama, guntayen sanda masu santsi don gudun ba-ni-in-ba-ka, 'yan jakunkunan yashi na jifa da caɓewa, da usur. Ka ba buhun nan maki kamar yadda kake ba jarrabawa, domin shi zai tafi da shi TP.

Mataki na huɗu: darasin minti arba'in

A nan ya kamata a daɗe, don a nan ake gane malami. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana, irin wanda zai sa numfashinsa ya ƙaru. Darasin PHE ba zai cika wannan shi kaɗai ba, amma abin takaici ne yaro ya fito fili ya koma aji bai yi ko gumi ba. Kuma haka ake yi a wurare da yawa: a jera yara layi ɗaya, kowa ya jira a zo kansa ya buga ƙwallo.

Ka zauna da ɗalibanka ku yi lissafin tare. Yara 80, ƙwallo ɗaya, kowane bugu da ɗauko ƙwallo ya ci daƙiƙa 15. A minti 20 kowane yaro sau ɗaya zai taɓa ƙwallo, sauran lokacin yana tsaye cikin rana yana tsokanar na gabansa. Yanzu a kasa su rukuni goma na mutum takwas, kowane rukuni da tamolarsa. A lokaci guda ɗin, kowa zai taɓa sau goma. Da ɗalibi ya ga wannan lissafin da idonsa, ba sai ka sake yi masa dogon bayani a kan amfanin buhun nan ba.

Tsarin darasin ya tafi kamar haka. Minti biyar zuwa bakwai na ɗumama jiki, a fara da sassarfa da wasan kama-kama kafin miƙe gaɓoɓi. Sai nuna dabarar ranar, ɗaya tak, cikin minti biyu ko uku. Malam ya tsaya yadda yara za su ba rana baya, shi ya fuskance ta, in ba haka ba ba za su ga abin da yake nunawa ba. Daga nan a rarrabu rukuni-rukuni a gwada, malam yana zagayawa ta gefe yadda ba zai juya wa kowane rukuni baya na tsawon lokaci ba. Sai ɗan wasa da za a yi amfani da dabarar a cikinsa. Minti biyar na ƙarshe na hucewa ne, da shan ruwa, da wanke hannu, da tattara kaya a ƙirga su.

Ka koya masa ya kafa doka ɗaya tun ranar farko: usur ɗaya, kowa ya tsaya inda yake ya dubi malam. Ya kuma naɗa shugaban kowane rukuni, ana canzawa duk mako. Malamin da ya samu waɗannan biyun ba ya buƙatar bulala a fili.

Akwai wata al'ada da nake so a raba ɗalibai da ita ƙarfi da yaji: horo da tsallen kwaɗo ko zagaye fili. Yaron da aka sa ya yi tsallen kwaɗo don ya makara ya riga ya koyi cewa motsa jiki azaba ne, kuma malamin da aikinsa shi ne ya sa yara su so motsa jiki bai kamata ya zama shi ake kira in za a yi wannan horon ba.

Yadda za ka auna darasin ɗalibi abu ne mai sauƙi. Ka zaɓi yaro ɗaya a ɓoye, ba mafi ƙwazo ba, ka bi shi da agogon wayarka, kana ƙirga lokacin da yake motsi kawai. In darasi ya ƙare ka nuna wa ɗalibin adadin. Abin da ake nema shi ne aƙalla rabin lokacin darasin. Karon farko da wuya ya kai, amma daga ranar zai fara rage surutu da jera layi da kansa.

Mataki na biyar: gwaji a gida kafin a fita

Ƙaramar koyarwa, wadda aka faro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, tana cikin manhajar kwalejojinmu. Ɗalibi ya koya wa abokan karatunsa dabara ɗaya na minti biyar zuwa goma, a yi masa gyara, ya sake. A PHE a yi ta a fili, ba a ɗaki ba. A ɗauke shi bidiyo da waya ya kalli kansa, zai ga yadda ya tsaya da yadda muryarsa take ɓacewa a iska. Abokan karatunsa sun fi yaran gaske biyayya nesa ba kusa ba, don haka bayan zagaye na farko a nemi aji daga firamaren kwaleji ko wata da ke kusa.

Mataki na shida: taimakon gaggawa har ya zama jiki

Wannan ba darasin rubutu ba ne. A kwantar da mutum a ƙasa, a ce ya faɗi, ɗalibi ya nuna abin da zai yi, a maimaita har ya daina rawar jiki. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana da rassa a jihohi, a gayyato su su koyar da farfaɗo da numfashi a kan mutum-mutumin gwaji: danna ƙirji 30, hura iska 2, da saurin danna 100 zuwa 120 a minti.

Abin da zai fi haɗuwa da shi kullum shi ne haɓo da targaɗe da suma, kuma a duk ukun abin da aka saba yi a gida yakan saɓa wa daidai. Mai haɓo ba a ɗaga kansa sama, jinin zai bi maƙogwaro. A zaunar da shi, ya ɗan sunkuya, a matse tattausan wurin hanci minti goma ba sakewa. Targaɗe ba a ja, ba a murzawa: a hutar da gaɓar, a sa ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na kimanin minti ashirin, a ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar. In ana zaton karaya ce, a tallafe wurin yadda yake, a sanar da iyaye, a nufi asibiti. Wanda ya suma a kai shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a kori 'yan kallo, kuma kada a ɗura masa ruwa sai ya farfaɗo sosai. In jikinsa ya yi zafi rau kuma yana sambatu bayan gudu a rana, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti ba jira.

Farfaɗiya tana buƙatar zama na musamman, saboda camfin da ke kanta. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita. Ba a cusa cokali a baki, ba a danne yaro. A kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe. In ta wuce minti biyar, asibiti. Yadda malam ya yi a wannan lokacin shi yara za su ɗauka: in ya gudu, sun guji yaron ke nan har ya bar makarantar.

Sai sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita, don haka da wuya ɗalibinka ya yi shekara yana koyarwa bai samu irin wannan yaro a ajinsa ba. Ba a hana shi wasa, amma ba a ƙure shi: ya sha ruwa sosai, ya huta duk lokacin da ya nema, a kiyaye shi daga sanyin hunturu da tsananin rana. Mai asma kuma maganinsa na shaƙa ya kasance a kusa. Wannan ya sa aikin farko a kowane aji shi ne buɗe rajistar lafiya: sunan yaro, larurar da iyaye suka faɗa, da lambar wanda za a kira. Rajistar sirri ce, ba a karanta ta a gaban aji.

Ka jaddada masa iyakarsa. Shi ba likita ba ne. Akwatinsa na auduga ne da bandeji da filasta da safar hannu da almakashi da sabulu da gishirin ORS na masu gudawa, ba na allura da ƙwayoyi ba. Asfirin ma ba a ba yara. Wanda ya taka ƙusa a wanke ciwon a tura shi asibiti don allurar tetanus.

Mataki na bakwai: darasin lafiya ya bi lokacin shekara

Ɗalibi ya tsara darussansa yadda za su zo daidai da abin da ke faruwa a gari. Da hunturu zuwa bazara, maganar sanƙarau da cunkoso a ɗaki da rigakafi. Da damina, zazzaɓin cizon sauro da gidan sauro, da amai da gudawa. A garuruwan da ke bakin madatsun ruwa da fadamun shinkafa, tsargiya: yara da yawa suna ɗaukar fitsarin jini ba komai ba ne, alhali cuta ce da ake samu daga shiga ruwan kududdufi, kuma tana da magani. Ɓarkewar mashaƙo da aka yi fama da ita a Kano a 2023 misali ne na kusa da zai nuna wa yara dalilin rigakafi.

Kowane darasi ya ƙare da abin da yaro zai yi da hannunsa. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, a gaban jarkar da aka huda aka rataye a bakin aji. Haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kowane yaro ya auna da kansa, domin shi zai je gida ya nuna wa mahaifiyarsa, kuma yawan gishiri illa ne. A koya wa ɗalibi gwajin ido da allon harafin E daga nisan mita 6, da lura da makero da ƙazuwa da jan ido a taron safe, ba tare da ya kunyata kowa ba. Yaro nawa ake ce wa daƙiƙi alhali allon ne ba ya gani?

Batun balaga da jinin al'ada, a raba maza da mata, malama ta ɗauki 'yan mata, a sanar da iyaye da kwamitin makaranta tun kafin a fara. Haka ma bayanin rigakafin HPV, mai kare mata daga kansar bakin mahaifa, da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023: a gayyato ma'aikaciyar lafiya ta yi, malam ya shirya wurin.

Mataki na takwas: kowa ya shiga fili

Inda ake barin 'yan mata a gindin bishiya maza suna ƙwallo, rabin aji ba a koyar da shi ba. Dogon wando da riga mai yalwa da ƙaramin hijabi marar fil sun wadatar, a ware musu gefensu na fili. Saboda wannan ne nake ganin duk kwalejin da take da ɗalibai mata a sashen PHE ya kamata ta riƙe su hannu bibbiyu, don akwai iyayen da ba za su yarda ba sai sun ga malama ce a kan 'ya'yansu.

Wasanninmu na gida kuma suna cikin kayan aiki. Langa ba ta buƙatar ko sisi, tana gina ƙafa da daidaiton jiki da dabarar rukuni, ga ɗan wasan da ake kira ruwa ga dawakai masu kare shi, kuma ana yin ta a Gasar Wasanni ta Ƙasa tare da kokawa da dambe. Tsallen igiya da 'yar gala-gala da carafke duk suna da abin da suke koyarwa. Ɗalibi ya rubuta wa kowanne shirin darasi kamar yadda zai rubuta wa ƙwallon kwando. Yaron da shan-inna ta taɓa kada a mai da shi mai gadin takalma. Ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a ƙasar nan ta isa hujja. A sauya dokar wasa, a rage fili, a ba shi jifa da caɓewa da tsaron gida.

Lokaci ma abin lura ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, don haka ɗalibi ya koyi zuwa wurin mai tsara jadawali ya nemi a sa darasinsa da sassafe. Da azumi a koma wasanni marasa wahala da darussan lafiya.

Mataki na tara: TP da abin da za a duba

Kafin ɗalibi ya fara, ya je ya gai da shugaban makaranta, ya san malamin da zai zauna ƙarƙashinsa, ya taka da ƙafarsa zuwa asibitin da ya fi kusa ya san hanya da ma'aikatansa. Makon farko kallo zai yi. Wasu makarantun sukan karɓe darasin PHE su ɗora wa ɗalibin koyar da wani fannin da ba su da malaminsa, ko su mai da shi mai kama 'yan makara. Mai dubawa ya warware wannan da shugaban makaranta tun ziyarar farko, cikin girmamawa, domin ɗalibi ba shi da bakin yin wannan magana.

Ranar dubawa kada ka tsaya a littafin shirin darasi. Ka ga darasi ɗaya a fili, ɗaya a aji. Ka riƙe agogo a kan yaro ɗaya, ka ƙirga 'yan matan da suka shiga wasa, ka buɗe rajistar lafiya da akwatin taimakon gaggawa, ka tambayi yaro ɗaya ya nuna maka yadda ake tsayar da haɓo. Gyara kuma a keɓe za ka yi shi, ba a gaban yara ba, abu biyu ko uku da zai iya canzawa kafin ka dawo. In makarantar tana shirin gasar wasannin gidaje ta shekara, a ba shi wani sashe ya riƙe, ko shata layukan gudu ko rubuta sakamako, a sa shi cikin makinsa. Bayan ya kammala karatu, ka tuna masa ya zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ya yi rajista, domin da ita ake ba shi lasisin koyarwa.